An caje ni a wurin fakin ɗin da nake biyan hayarsa: in biya ko in share?

Assalamu alaikum Anti. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Manchester, ni da Abban yara muna haya a wani bene shekara biyu ke nan. A takardar hayarmu an rubuta cewa wurin ajiye mota mai lamba 14 namu ne. Bara kamfanin da ke kula da ginin ya kawo wani kamfanin fakin, suka kafa alluna, suka aiko mana da ɗan kati wai mu riƙa sa shi a gilashin gaba. Wata uku da suka wuce na dawo daga aikin dare, katin ya zame ya faɗa ƙarƙashin kujera ban lura ba, da na farka sai na tarar da takardar fam 100 a gilashi, alhali motar tana wurinmu. Ƙawata ta ce in share, ba abin da za su iya. Na share. Yanzu wasiƙu ke zuwa da sunan Abban yara, don da sunansa aka yi wa motar rajista, kuɗin ya koma fam 170, har ana ambaton kotu. Makon jiya kuma ga wata takardar ta gidan waya da hoton motar, ta ranar da na tsaya a bakin ƙofar shiga in sauke buhun shinkafa da cefane, ga yarinya a hannu, ko minti goma ban yi ba. Abban yara ya ce mu biya duka mu huta, kada abin ya shafi bizarmu. Ni kuma raina ya ƙi ba ni. Don Allah ki ba ni shawara.

Ƙanwarki daga Manchester

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sannu da ɗawainiya. Mutum ya kwana a tsaye yana jinyar bayin Allah, ya dawo gida a gajiye, sannan a tare shi da takardar kuɗi a ƙofar gidansa, dole ransa ya sosu. Ranki da ya ƙi ba ki yana da hujja, kuma ina bayanki: kada ku biya yanzu. Sai dai shawarar ƙawarki ma ta ƙare daga yau, domin a ƙasar nan shiru ne ke mai da ƙaramar magana irin wannan babba.

Ɗauko takardar ki duba samanta. A Ingila takardun fakin iri biyu ne masu kama da juna, har gajeren sunansu ɗaya ne, PCN. Wadda hukumar gari ke bayarwa a kan titi an rubuta mata Penalty Charge Notice, ita ce tara ta doka, kuma tsarinta daban ne. Wadda kamfani mai zaman kansa ke bayarwa a filin da ba na gwamnati ba kuwa Parking Charge Notice ce, kuma irinta ce a hannunki. Duk da muna ce mata tara, a shari'ance da'awar bashi ce. Abin da kamfanin ke cewa shi ne: na kafa allo da sharuɗɗa, kin gani, kin ajiye mota, ke nan kin shiga yarjejeniya da ni, kin saɓa, sai ki biya. Ba ruwan 'yan sanda da ita, ba ta taɓa lasin tuƙi, ba ta shiga kundin masu laifi. Tun watan Oktoba na 2012 ma doka ta hana waɗannan kamfanoni ɗaure tayar mota ko janye ta a fili mai zaman kansa a Ingila da Wales. Kuma ko a shari'armu ko a tasu, mai da'awa shi ke kawo hujja.

Ƙawarki ba ƙarya ta shara miki ba, labarinta ne ya kwana biyu. A da sai kamfani ya gano wanda ya tuƙa motar kafin ya bi shi, kuma ba su cika zuwa kotu ba, shi ya sa mutane suka saba yaga takardar. Dokar Protection of Freedoms ta 2012 ta sauya wannan, ta ba kamfani damar bin wanda sunansa ke kan rajistar mota idan bai san direba ba, muddin ya cika wasu sharuɗɗa. Dalilin da wasiƙun ke zuwa da sunan Abban yara ke nan: kamfanin ya biya DVLA, hukumar rajistar motoci, fam 2.50, ta ba shi suna da adireshi. Sai kuma shari'ar Beavis a 2015. Barry Beavis, mai shagon soyayyen kifi da dankali, ya ajiye mota a filin wasu kantuna a garin Chelmsford inda ake ba da awa 2 kyauta, ya zarce da kusan awa guda, kamfanin ParkingEye ya caje shi fam 85. Ya ja har Kotun Ƙoli, ya sha kaye. Daga nan kamfanoni suka samu ƙwarin gwiwar kai mutane ƙara, kuma doka ta ba su shekara 6 su yi hakan. Mai sharewa yana iya mantawa da magana, ya tashi daga gidan, bayan shekaru a yanke masa hukunci a bayan idonsa.

To amma Beavis a filin kantuna ya ajiye motarsa, ke kuwa a gidanki kika ajiye taki, kuma duk maganar a nan take. Abin da ya sa Kotun Ƙoli ta goyi bayan kamfanin shi ne masu kantunan suna da buƙata ta halal ta cewa wata mota ta tashi wata ta shigo don masu sayayya su samu wuri, ga shi kuma allunan a bayyane suke. Ke wa kika tare wa wuri? Lamba 14 ba mai haƙƙin shigarta sai ku. Sannan yarjejeniya ba ta ƙulluwa sai kowane ɓangare ya ba ɗaya wani abu. Me kamfanin nan ya ba ki? Izinin ajiye mota a wurin da tun kafin ya zo kike biyan hayarsa duk wata. Kamar ki kama hayar gida a Kano da tsakar gidansa ne, bayan shekara wani ya zo ya kafa allo ya ce daga yau sai da katinsa za ki yi shanya a igiyarki. Yarjejeniyarku da mai gidan haya ta riga allon zuwa, kuma wanda ba ya cikinta ba shi da hurumin ƙara mata sharaɗi shi kaɗai. Akwai kuma tsohuwar ƙa'ida a dokar gidaje ta ƙasar nan cewa wanda ya ba ka haƙƙi ba zai dawo ya ƙwace shi ta bayan gida ba. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yi aiki da ita a 2001 a shari'ar Saeed da Plustrade, kuma a kan haƙƙin ajiye mota na mai zama a bene aka yi ta.

Ba zan ce miki nasara a aljihu take ba. Alƙalan ƙananan kotuna sun sha korar irin wannan ƙara da wannan hujja, amma ba kullum ba, kuma abin da ke raba gardama shi ne ainihin kalmomin da ke cikin takardu. Saboda haka aikinki na daren yau shi ne ki zauna da takardar hayar ki karanta ta daga farko har ƙarshe, har da shafukan da aka liƙa mata a baya. Ki ja layi a inda aka ambaci lamba 14. Sannan ki nemi duk inda aka yi maganar kati, ko izini, ko bin dokokin harabar gini, ko biyan wani kamfani. Idan babu ko ɗaya, kina tsaye a kan dutse. Idan akwai jimlar da ta ce ɗan haya zai bi duk dokokin da masu kula da ginin suka kafa ko za su kafa, ƙarfinki ya ragu, amma bai ƙare ba, domin a ce ki bi doka daban, a ce kin amince ki biya baƙon kamfani fam 100 daban. Idan kuwa an rubuta ƙarara cewa dole a nuna kati kuma akwai caji ga wanda bai nuna ba, kuma kun sa hannu, to a kan takardar fakin ta farko sai neman sassauci ta hannun masu ginin, kuma gara ki san haka tun yanzu. Ki duba kuma ko sunanku ku biyu ne a kan takardar hayar, don wanda sunansa ke kai shi ke da bakin cewa haƙƙina ne.

Akwai wata takardar hayar kuma da yawancin 'yan haya ba su san da ita ba. A irin waɗannan benaye, wanda kuke biya haya sau da yawa ba shi ne mai ƙasar da ginin ba. Shi ma doguwar haya ya saya, ta shekara 99 ko 125 ko fiye, daga ainihin mai ginin, kuma haƙƙinku daga nasa ya gangaro. Ba zai iya ba ku abin da shi ba shi da shi ba. Don haka ki roƙe shi, ko ejan ɗin da ya ba ku gidan, ya turo miki shafukan doguwar hayarsa da suka yi maganar wurin mota da taswirar da ke nuna lamba 14. Idan ya yi nawa, ana neman kwafi a hukumar rajistar filaye, HM Land Registry, da kuɗi kaɗan. Idan ita ma ta ba shi wurin ba tare da sharaɗin kati ba, masu kula da ginin ba za su sauya ta da wasiƙar da suka zura ta ƙarƙashin ƙofa ba.

Takarda ta biyu, ta ranar shinkafa, tana da tata hujjar. Wata mata, Jopson, ta tsaya a ƙofar benen da take zaune a Milton Keynes don ta sauke kayan ɗaki, kamfanin Homeguard ya caje ta. Ta faɗi a karon farko, ta ɗaukaka ƙara, a 2016 Alƙali Harris a kotun Oxford ya ba ta gaskiya. Ya ce tsayawa ta ɗan lokaci don sauke kaya masu nauyi ko sauke mutum ba fakin ba ce, kuma zama a bene ba zai yiwu ba idan duk mai kawo kaya sai an caje shi. Hukuncin bai ɗaure sauran alƙalai ba, amma suna saurarensa domin a matakin ɗaukaka ƙara aka yi shi, kuma labarinsa kusan naki ne. Ki nemo rasit ɗin cefanen ranar, ko shaidar cire kuɗin a manhajar bankinki, domin akwai lokaci a kai. Ki duba lokacin da ke kan hotunan da suka turo. Idan tsakanin hoton farko da na ƙarshe minti uku ne ko biyar, da hannunsu suka ba ki shaida.

Yanzu ta ina za a fara? Ba ta kamfanin fakin ba. Ki fara ta wanda ya ɗauko shi aiki, wato kamfanin kula da ginin, domin yana da bakin cewa a soke, kuma wannan ita ce hanya mafi sauri. Ki rubuta musu imel, ki sa mai gidan haya da ejan a kwafi. Gajere, cikin ladabi, ba zagi ba roƙo: mu ne 'yan hayar gida kaza, ga shafin takardar hayarmu da ya ba mu lamba 14, ga hoton katin da kuka ba mu, ga lambobin takardun biyu, muna neman ku umarci kamfanin da kuka kawo ya soke su cikin kwana 14, ku kuma tabbatar mana a rubuce. Amsar farko da aka saba bayarwa ita ce ba ruwanmu, ku tuntuɓi kamfanin. Kada ki karɓa. Ki mayar musu cewa su suka ƙulla kwangila da shi, a madadinsu yake aiki, kuma kina so a ɗauki wasiƙarki a matsayin koke na hukuma. Tun 2014 doka ta wajabta wa ejan na haya da masu kula da gine-gine a Ingila shiga wani tsarin sauraren koke mai zaman kansa, irin su The Property Ombudsman, kuma ba sa son magana ta kai can. Mai gidan hayar ma ki jawo shi a jiki, domin wurinsa ne ake yi wa kutse, kuma maganarsa ta fi taku nauyi a wurinsu tunda shi ke biyan kuɗin hidimar ginin. Abu ɗaya kawai: ko da wasa kada ku cire kuɗin nan daga kuɗin haya. Bashin haya yana iya raba ku da gidan, takardar fakin ba za ta iya ba.

A lokaci guda, kada ki bari ƙofar takarda ta biyu ta rufe kamar ta farko. Ana ba da kwana 28 a ƙalubalance ta a wurin kamfanin, kuma idan aka yi cikin kwana 14 na farko sannan suka ƙi, a ka'ida sukan sake buɗe rangwamen biyan fam 60 a maimakon 100 na ɗan lokaci. Tunda sunan Abban yara ke kanta, shi zai rubuta, ta shafinsu na intanet, ya adana hoton abin da ya tura. Ya ce shi ne mai rajistar motar kuma ɗan haya a ginin, motar ta tsaya sauke kaya ne na 'yan mintuna, takardar haya ta ba mazauna haƙƙin shiga da fita, ya ambaci shari'ar Jopson, ya nemi a soke. Ku sa a ranku za su ƙi, domin wanda zai ci kuɗin shi ke duba koken. Wataƙila ma su yi tayin ragewa zuwa fam 20 a rufe magana. Ni ba zan ga laifin wanda ya karɓa don ya huta ba, amma ga mai zama a gidan ba na ba da wannan shawara, domin duk biyan da kuka yi za a iya ɗaga shi gobe a ce ai kun amince da tsarin.

Idan sun ƙi, mataki na gaba ya danganta da ƙungiyar da kamfanin ke ciki, kuma tambarinta na nan a kan allo da takardar. 'Yan British Parking Association kokensu wurin sauraren koke mai suna POPLA ake kai wa, da lamba mai alƙaluma 10 da za su sa a wasiƙar ƙin amincewa, cikin kwana 28. 'Yan International Parking Community kuwa makamancinsa mai suna IAS ake kai wa. Kyauta ne, sai dai wanda ya je ya faɗi ya rasa rangwamen. A ganina waɗannan wurare sun fi mai da hankali kan allo da kati fiye da takardar haya, don haka ko kun faɗi kada gabanku ya faɗi. Hukuncinsu kamfanin yake ɗaurewa, bai ɗaure ku ba. Alƙali ne kaɗai ke iya cewa dole ku biya.

Kafin Abban yara ya rubuta komai, ku zauna da kalanda, domin a nan kamfanoni ke yawan tuntuɓe. Dokar 2012 ta ce idan takardar gilashi aka fara mannawa, kamar a karon farko, wasiƙar farko zuwa ga mai rajista ba za ta zo kafin kwana 28 su cika ba, kuma ba za ta wuce kwana 56 ba. Idan kuwa ba a manna komai ba sai hoto da wasiƙa, kamar a karo na biyu, dole ta iso cikin kwana 14. In suka kuskure wannan, ko wasiƙar ta rasa gargaɗin da doka ta ce a rubuta a ciki, ba su da ikon bin mai rajista, sai direba. Abban yara kuma ba shi ya tuƙa ba, gaskiya ce zai faɗa idan ya ce haka, kuma doka ba ta tilasta masa faɗin wanda ya tuƙa ba. Ki lura, cewa na yi zai iya yin shiru a kan sunan, ban ce a yi ƙarya ba, ko a wasiƙa ko a gaban alƙali. Idan kwanakin nasu daidai suke, kuma shi hankalinsa ya ƙi kwanciya da ganin sunansa, yana da damar ba su sunanki da adireshi a matsayin direba kafin a shigar da ƙara, maganar ta dawo kanki ke da kike da niyyar tsayawa. Amma a duba kwanakin tukuna, kada a ba su kyautar abin da ba su da shi.

Wasiƙun fam 170 fa? Daga masu karɓar bashi suke, waɗanda kamfanin ya ɗauka su tsorata ku, da jan rubutu da manyan baƙaƙe. Ba ma'aikatan kotu ba ne. Ba su da ikon shiga gidanku, ko ɗaukar kaya, ko taɓa asusunku, ko ɓata muku suna a wurin masu ba da bashi. Fam 70 ɗin da suka ɗora ma alƙalai da dama sun ƙi yarda da shi, kuma dokar 2012 ta ce abin da za a nema a wurin mai rajista ba zai wuce adadin da ke kan wasiƙar farko ba. Kada ku kira su a waya, don a waya ake jan mutum ya faɗi abin da bai yi niyya ba. Ku jera wasiƙun a fayil bisa kwanan wata. Abin da za a rubuta, ga kamfanin fakin kansa za a rubuta, sau ɗaya: ana musanta wannan bashi, ga dalili, ga takardar haya, ga adireshin da za a same mu. Idan ta gidan waya ne, ku karɓi shaidar aikawa a kanta, kyauta ake bayarwa.

Takardu biyu ne ba a wasa da su, kuma ina so ki karanta wa Abban yara wannan wurin da kanki. Ta farko za ta zo da taken Letter of Claim ko Letter Before Claim, yawanci daga lauyoyi, tana ba da kwana 30. A amsa ta cikin wa'adin, a musanta, a nemi su kawo hotuna da kwangilar da ta ba su ikon aiki a filin. Ta biyu ita ce sammacin kotu, mai hatimi, wanda galibi daga cibiyar kotu da ke Northampton yake fitowa. Ana lissafin ya iso ku kwana 5 bayan ranar da ke kansa, daga nan kuna da kwana 14 ku amsa. Idan kuka shiga intanet kuka tabbatar kun karɓa kuma za ku kare kanku, wa'adin ya zama kwana 28. Ƙaramar ƙara ce, ba a buƙatar lauya, ana zama a ɗan ɗaki da alƙali a bayan tebur, kuma sau da yawa kamfanoni kan janye kafin ranar idan suka ga an shirya musu. Ofishin Citizens Advice na taimakawa kyauta wajen duba takardun, ki je da fayil ɗinki tun kafin a kai nan.

Tsoron Abban yara ba na raina shi ba. Wanda ke zaune a ƙasar mutane da biza, ga iyali, duk wata takarda mai ambaton kotu sai ta hana shi barci, kuma waɗannan kamfanoni da irin wannan tsoron suke ci. Amma a sa tsoron inda ya dace. Takardar da kamfani ya manna a gilashi ba laifi ba ce, ba hukunci ba ce. Abin gudu shi ne hukuncin bashi na kotu, wanda suke kira CCJ, da aka bari ba a biya ba. Shi ke zama a kundin jama'a shekara 6, ya hana mutum samun sabuwar haya cikin sauƙi, ko bashin sayen gida, ko ma kwangilar wayar hannu. Kuma hanyar da ya fi faɗa wa mutane ita ce sammaci ya zo ba a amsa ba. Wanda ya je kotu ya kare kansa, ko da ya faɗi, idan ya biya duka cikin wata ɗaya ana cire sunansa daga kundin gaba ɗaya. Ke nan mafi munin abin da zai same ku idan kuka bi matakan nan shi ne ku biya kuɗin tare da ɗan kuɗin kotu, ba tabo. Idan lokacin cike takardun zama na dindindin ko na zama ɗan ƙasa ya yi, duk abin da aka tambaya a amsa shi da gaskiya, kuma a bi ta hannun mai ba da shawara kan harkar biza mai rajista. Ki kuma tuna masa cewa biyan waɗannan biyun ba zai kawo hutun da yake nema ba, tunda kuna nan, motar na nan, mai ɗaukar hoton ma yana nan.

Akwai wani abu ƙarami da nake so ku duba yau, wato adireshin da ke kan takardar rajistar motar, V5C. Sauya adireshin lasin tuƙi ba ya sauya nata, kowanne daban ake yi. Duk ranar da kuka tashi daga gidan nan, ku sabunta ta, ku kuma sanar da kamfanin fakin sabon adireshi a rubuce idan magana ba ta mutu ba. Neman kotu ta soke hukuncin da aka yi a bayan idon mutum yana cin sama da fam 300 kafin ma a saurare shi.

Katin nan kuwa, ki manna shi da salatif a gilashi ta yadda ba zai sake zamewa ba, ki ɗauki hotonsa da lamba 14 a bayansa. A imel ɗin da za ki tura wa masu ginin ki ƙara layi ɗaya, cewa kuna nuna katin ne don sauƙaƙa musu aiki, ba don kun amince da wata yarjejeniya da kamfanin fakin ba, kuma kuna neman a cire wurinku daga tsarin ko a sa lambar motarku cikin waɗanda ba a taɓawa. Ranar da za ki sauke kaya a ƙofa, ki kunna fitilun gargaɗi, ki bar but a buɗe, ki matsar da motar da kin gama. Sannan ranar hutunki ki ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta uku ko huɗu ki tambaye su. Da wuya a ce ku kaɗai aka caja a ginin nan, kuma wasiƙa ɗaya mai sa hannun gidaje da yawa, musamman idan akwai masu doguwar haya a ciki, ita ce ke sa masu kula da gini su sake duba kwangilar da suka ba kamfanin. Idan kin karanta takardar hayar kika ci karo da jimlar da ta ɗaure miki kai, ki kwafo min ita yadda take, ki rufe sunaye da adireshi, mu duba ta tare. Allah ya sa a dace.